Baƙon Iri a Tabkin Shingob

Injin a-kori-kurar bai gama mutuwa ba Wabigwan ta riga ta shaƙe wuyan rigar Makons, ta manna shi da ƙofar motar.

"Sake faɗa. A hankali, yadda kunnena zai ɗauka."

"Buhunan nan biyu da na kawo wa Kawu Animiki shekaranjiya," in ji Makons, yana haki kamar wanda kare ya koro, "ba irin tabki ba ne. Na ɗakin gwaji ne, wanda suka taɓa wa halitta. Yau da safe na tarar da shugaban aikinmu yana ta zage-zage, wai an kwashe masa irin gwaji daga ɗakin sanyi. Ina jin haka na gane shi ne na kwaso. Na rantse da kabarin uwata, Wabi, na ɗauka irin arewa ne da suka sayo."

"Bar uwarka ta huta. Ina buhunan?"

Tun kafin ta rufe baki ta san amsa. Jiya tana zaune a kan kututture tana kallo, matan unguwa suka juye buhunan iri gaba ɗaya cikin kwami, na tabki da na Makons, suka kwaɓa da laka, suka yi ta cura su kamar ƙwallon fura. Yau kuwa tun hantsi kwalekwale goma sha wani abu suka tashi da curin a bokitai, sun nufi Lungun Agwagi, inda ambaliyar bara waccan ta tumɓuke shinkafa har saiwa. Can za a jefa su a ruwa, su nitse, su kwana ƙarƙashin ƙanƙara har bazara.

Makons a gonar kamfani yake aiki, bayan babban titi, inda ake noman shinkafa a fili a kewaye da ganuwar ƙasa, inji ya girbe. Shi ya sa duk Shingob ba mai kiransa da sunansa sai Ɗan Kamfani. Da ya ji ana kukan iri ya yi kaɗan bana, sai ya ga hanyar wanke kansa ta samu. Ya kinkimo buhu biyu, ya je gaban tsoho Animiki, mai kula da shinkafar tabki, ya miƙa masa taba yadda al'ada ta ce. Tsoho ya karɓi taba. Wanda kuwa ya karɓi taba ya ɗauki alkawari.

Ita shinkafar kamfani, Wabigwan ta sha jin halinta. Rana ɗaya take nuna, ta ƙanƙame karanta ta ƙi zuba, tana jiran inji. Ta tabki kuwa da zubarta take rayuwa: ka lanƙwaso ta da sanda ka buga, ƙwaya ɗaya ta faɗa kwalekwale, goma su koma ruwa su zama na baɗi. In baƙuwar ta tsiro a lungun nan, iska ta kwashi garin furenta ta watsa, to shinkafar Shingob za ta koyi rowa. Ranar da ta daina zuba, tabkin ya daina shuka kansa.

Ta saki wuyan rigar, ta zaro waya ta kira ƙanenta Giniw. Sai ga kiɗa yana tashi a bayanta, daga cikin wata tukunya da ke gindin bishiya.

Gwaggo Zibins, wadda ke tsugune tana iza wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ga Giniw nan a tukunya, shi da sauran. Kin manta dokar tsoho? Ranar shuka ba waya a kan ruwa."

Makons ya faɗa mota ya danne oda. Ƙarar ta tashi, iska ta tarye ta, ta maido musu da ita. Lungun yana can bayan dogon hancin ƙasa mai duhuwar itatuwa, ko bindiga aka harba da ƙyar su ji.

"Ka iya tuƙi?" in ji Wabigwan.

"Tarakta."

"Kwalekwale nake nufi, ɗan dangin Tarwaɗa."

"Rabona da shi tun ina yaro. Sau biyu na kife da babana."

Ta dubi Gwaggo, da gwiwoyinta da suka kumbura kamar kabewa. Ta dubi bakin ruwa. Duk an kwashe kwalekwale, saura guda ɗaya a kife a kan itace biyu, ganye ya taru a bayansa. Na Nodin ne, mijinta. Tun da aka binne shi farkon bazara ba wanda ya taɓa shi.

Ta nufi wurin. Muryar Gwaggo ta tsai da ita kamar igiya.

"Ina za ki, 'yar nan? Ba a ciyar da ke ba."

Abin da ya zaunar da ita a gaɓa ke nan tun farkon kaka, tana kallon mutane suna shiga suna fita da shinkafa. Wanda aka yi wa mutuwa a shekara ba ya shiga cikin shinkafa, ba ya taɓa ta, sai an yi taro wani daga wani dangi ya sa masa lomar farko a baki. In ya yi gaban kansa, an ce shinkafar takan ji nauyin da yake ɗauke da shi, ta kwanta. An sa ranar ciyar da ita bayan shuka, har ta ɗinka siket ɗin da za ta sa.

"Gwaggo, tabkin ne zai tafi."

"Na ji. Kurma ce ni? Amma ba za ki je ceton shinkafa ki kwantar da ita ba." Tsohuwa ta buɗe ƙaramar tukunyar da ke kan wuta, tururi ya tashi. "Ga sabuwa nan, ta abincin rana. Ko rabin nuna ba ta yi ba. Haka za ki ci ta."

"To ba ni."

"Ni? Ƙanwar ubanki? Ni 'yar dangin Gauraka, ke 'yar dangin Gauraka. Sai ɗan wani dangi."

Su duka biyu suka juya a hankali suka dubi Makons. Shi ma ya waiga bayansa ko akwai wani.

"A'a," in ji Wabigwan. "Gara in sha ruwan wanki."

"Ba wani Tarwaɗa a gaɓar nan sai shi. In kina da lokacin zaɓe, zauna mu jira."

Wabigwan ta cije leɓe. Ta daɗe tana tsara ranar nan a ranta: tsofaffi a jere, ganga tana tashi a hankali, a ambaci Nodin yadda ya kamata, ta yi kukanta na ƙarshe a gaban kowa. Yanzu ga ta tsaye da takalmin roba, ga mutumin da ya jawo musu masifa yana goge hannu a wando zai ɗauki cokali.

Gwaggo ta ɗebi 'yar taba ta zuba a wuta, ta yi addu'a gajera wadda ba ta taɓa yin irinta ba a rayuwarta. Makons ya ɗebo shinkafar, ya hura, ya miƙo.

"In ka zubar, sai na dafa ka a madadinta."

Bai zubar ba. Zafi ya ƙona mata harshe, ƙwayoyin suna ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa, amma ƙamshin nan na hayaƙi da ruwan tabki ya cika mata baki. Idonta ya kawo ruwa. Ta haɗiye duka biyu.

"Kin dawo cikinmu," in ji Gwaggo. "Yanzu ruga."

Suka birkice kwalekwalen, suka tura. Wabigwan ta tsaya a baya da doguwar sandar tuƙi mai baki biyu, Makons ya durƙusa a tsakiya. Ba su yi nisa ba ruwa ya fara tsattsafowa ta wata tsaga a ƙasa.

"Wabi, yana yoyo."

"Ga gwangwanin kofi nan. Kwashe."

"Nawa nake kwashewa, nawa yake shigowa."

"To ka fi shi sauri. Ba kifi ba ne kai?"

Ta kafa sanda, ta jingina da dukan ƙarfinta, ta zare, ta sake kafawa. Jikinta ya tuna abin da watanni suka so su mantar da shi. Karan shinkafa da aka gama girba yana shafar kwalekwalen hagu da dama yana shuu, tsutsotsin shinkafa suna zubo wa Makons a wuya yana marin kansa. Garken baƙaƙen tsuntsaye ya tashi a gabansu kamar hayaƙi.

"Za mu same su?" in ji shi.

"In Kawu Animiki bai sake hali ba."

Abin da take dogara da shi ke nan. Ba mai jefa curi ko ɗaya sai tsoho ya gama addu'a ya jefa na farko, addu'arsa kuwa ta yi suna har wasu tabkuna. Bara wani ya yi barci a cikinta ya faɗa ruwa, aka tsamo shi, ya bushe, tsoho bai kai ga kifaye ba. Shekaru tana tsaki a ɓoye saboda tsawon addu'ar nan. Yau kuwa roƙo take ya ƙara mata.

Hanyar da kowa ke bi sai an kewaye hancin ƙasar. Ta dubi rana, ta dubi ruwan da ya kai wa Makons idon sawu, ta karkata kwalekwalen kai tsaye cikin duhuwa.

"Wabi, nan ba hanya."

"Akwai. Nodin ya nuna min. Ƙasar siririya ce a nan, ɗauka za mu yi mu tsallaka."

Hancin kwalekwalen ya daki gaɓa. Suka diro cikin taɓo har gwiwa, suka karkata shi ruwan ya zube, suka ɗora a ka. Makons a gaba, ba ya ganin komai sai ƙafafunsa. Ya yi karo da bishiya, ƙarar ta ratsa kwalekwalen har haƙoran Wabigwan.

"Hagu."

"Hagun wa?"

"Mutum nawa ne a gaba, Ɗan Kamfani?"

Ƙaya ta yage mata hannun riga, sauro ya yi musu rubdugu, takalmin Makons ɗaya ya maƙale a taɓo ya bar shi nan. Sai itatuwa suka buɗe, haske ya faɗo, ga Lungun Agwagi shimfiɗe a gabansu, ruwa fayau babu ko kara ɗaya. A tsakiya kwalekwale sun yi da'ira, kowa ya sunkuyar da kai. Muryar tsoho tana tafe a kan ruwa, siririya, ba gaggawa.

Wabigwan ta kasa kunne, gabanta ya faɗi. Ta san jerin addu'ar kamar tafin hannunta: kusurwoyi huɗu, sannan ruwa, sannan masu iyo, masu tashi, kakanni. A ƙarshe yakan kira sunan waɗanda suka tafi a shekarar. Yana cikin sunayen.

Suka jefa kwalekwale a ruwa. Makons ya buɗe baki zai yi ihu, ta toshe shi da tafin hannu mai laka. Ba a ihu a kan shinkafa, ba a kuma katse mai addu'a. In ya kwarma ihu, rabin mutanen nan ba za su saurari abin da zai faɗa ba, tsoho kuma zai ɗauka iska ce ke gwada shi, ya jefa curinsa da gangan.

Ta tuƙa kamar ana bin ta da wuta. Kawuna suka fara ɗagowa. Giniw ya gan ta, idonsa ya fito, ya yi mata alama da hannu ta koma. Wata mata ta rufe baki da mayafi: mai makoki a kan ruwa. Tsoho Animiki kuwa yana zaune a gaban kwalekwalensa, ido a rufe, farin kitsonsa biyu a kan ƙirji, curin laka a hannun dama.

"Da ɗanmu Nodin," in ji shi, "wanda ya fi kowa son ganin lungun nan ya sake yin kore."

Sunan ya soke ta, amma ba ta tsaya ba. Shi ne na ƙarshe. Hannun tsoho ya fara ɗagawa.

"Taba," ta raɗa wa Makons. "Ba ni taba."

"Ba ni da ta gargajiya."

"Kowace iri."

Ya lalubo aljihu ya zaro karan sigari ɗaya, jiƙaƙƙe, a lanƙwashe. Ta fizge, ta yi tuƙi ɗaya mai ƙarfi, ta saki sanda, ta tsallake Makons, ta zube a gwiwa a gaban kwalekwale daidai lokacin da ya goga na tsoho. Ta miƙa hannun hagu, sigarin a tafinta, har ya kusa taɓa masa hanci.

Tsoho ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi sigarin, ya dube ta. Hannunsa yana sama, laka tana ɗiga ta gwiwar hannu. Wanda aka miƙa wa taba dole ya saurara, ko da wuta ce ke cin gidansa.

"Wa ya ciyar da ke?"

"Makons, Kawu. A gaban Gwaggo Zibins."

"Makons." Ya buɗe ɗaya idon. "Lallai duniya ta zo da sabon salo. Wannan kuma taba ce ko gawar taba?"

"Ita na samu. Kawu, kada ka jefa. Akwai baƙon iri a cikin lakar."

A hankali hannun ya sauko. Ya karɓi sigarin, ya ajiye curin a cinyarsa. Ta faɗa masa komai cikin numfashi uku, Makons yana cike giɓi da murya kamar ta ɗan akuya. Maganar ta bi da'irar daga kwalekwale zuwa kwalekwale, tana tafe tana ƙara zafi.

Da ta kai kunnen Giniw sai ya miƙe tsaye, abin da ko yaron goye ya san ba a yi.

"Kai, Ɗan Kamfani. Mu za ka sayar?"

"Giniw, zauna," in ji Wabigwan.

"Yaya, bar ni in gyara masa ɗaya ƙafar, ya tafi gida ba takalmi gaba ɗaya."

Ya ɗaga filafilin tuƙi ya kai duka. Makons ya sunkuya, filafilin ya daki iska, kwalekwalen Giniw ya yi gefe ɗaya kamar saniya za ta kwanta. Matarsa ta cafke gefe, ta cafke kwandon abinci, amma ba ta da hannu na uku. Bokitin curi ya gangara, ya tsaya a baki kamar mai shawara, ya kife cikin ruwa.

Sai kumfa tana tasowa.

Wabigwan ce ta fara dirowa. Ruwan iya ƙugu ne, amma taɓon ƙasa ya haɗiye ta har ƙirji, sanyi ya ɗauke mata numfashi.

"Kada kowa ya motsa ƙafa a nan," ta ce tana kakkarwa. "In kuka tattaka, sun narke. Ku kewaye ni da kwalekwale. A miƙo bokiti."

Ta ja numfashi ta nitse. Duhu, sanyi, yatsunta suna lalube cikin taɓo mai laushi kamar kunu. Ta taɓa abu mai tauri, ta tallabo shi da hannu biyu kamar ƙwai, ta taso. Hannuwa suka karɓa. Ta sake komawa. Da ta taso karo na uku sai ta ga Giniw a gefenta, ga Makons a ɗaya gefen, laka ta rufe su har ba a gane Gauraka da Tarwaɗa.

"In mun fita zan kashe ka," in ji Giniw yana tofar da ruwa.

"Na yarda. Karɓi wannan tukuna, yana fashewa."

Mata suka kwance mayafai suka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa kamar komar kamun kifi, ana tara curin da ya fara narkewa. Wani ya tuɓe riga ya ɗaure hannuwanta ta zama jaka. Da curin ya ƙare, Wabigwan ta ce a kwashe taɓon wurin ma, aka yi ta ɗiba da bokiti ana juyewa cikin kwalekwale biyu har suka kusa nitsewa. Tsoho Animiki da kansa ya karɓi sandar tuƙi ya kafa ta a daidai wurin, ya ɗaura mata jan ƙyallen wuyansa.

Sai da suka hau kwalekwale suna ɓamɓare matsattsaku daga ƙafafu sannan gardama ta tashi.

"A tsince," in ji wani dattijo mai suna Migizi. "Irinmu dogo ne baƙi, nasu gajere. Ni ko a mafarki na san shinkafar Shingob. Kwana nawa muka yi muna tara irin nan, kowane gida ya hana bakinsa ya bayar, sai mu zubar saboda buhu biyu?"

Murya da yawa suka goyi bayansa. Wabigwan ta fasa curi ɗaya, ta ɗauraye a ruwan bokiti, ta ɗauki ƙwaya guda ta miƙa masa.

"Wannan ta wa ce, Baba?"

Ya juya ta a rana, ya shinshina. "Tamu ce."

Ta karɓa ta miƙa wa matarsa, wadda ta fi shi shekaru a kan ruwa. Tsohuwa ta ɗan murza. "Baƙuwa ce. Dubi gemunta."

"Ke dai ba ki taɓa yarda da ni ba."

"Da na yarda da kai da yanzu a rami muke kwana."

Dariya ta ɗan tashi ta mutu. Kowa ya dubi bokitan, dubban ƙwayoyi cikin laka, ba mai iya rantsuwa a kan ko ɗaya.

"A soya," in ji Wabigwan. "Duka. Ƙwayar da ta ji wuta ba ta tsira."

"Ke kike faɗin haka?" in ji Giniw. "Mijinki ne ya yi ta bin gida-gida a kan lungun nan."

"Ni nake faɗa. Gara lungu ya ƙara shekara a tsirara da tabki ya mutu da riga."

Duk suka juya ga tsoho. Ya ɗauki curin da ke cinyarsa ya juya shi a hannu.

"Na karɓi tabar yaron nan," in ji shi. "Na ce masa irinsa zai shiga ruwa. Bakina bai taɓa komawa baya ba, ba kuwa zai fara yau ba. Sai dai in mai taba ya nemi abarsa."

Makons ya rarrafo har gaban kwalekwale, ƙafa ɗaya ba takalmi, kunnensa na ɗigar laka. "Kawu, ina neman tabata."

Tsoho ya kwance 'yar jakar fata daga wuyansa, ya ɗebo taba ya zuba masa a tafi. "Ga ta. Gobe in za ka yi kyauta, ka fara tambayar abin sunan ubansa." Ya ɗaga murya kaɗan. "A juya gida. Wurin da sandar nan take kuma, da bazara duk abin da ya ɗago kai a tumɓuke shi, ko da ya yi kama da kakata."

Kafin la'asar gaɓar Shingob ta turnuƙe da hayaƙi. An wanke laka a kwami nesa da ruwa, an tace, an baza taɓon da aka kwaso a kan duwatsu masu zafi. Manyan kaskon ƙarfe uku suna kan wuta a karkace, ana juya iri da filafili. Jiƙaƙƙen iri ba ya son suya, yana ta tsartuwa yana fashewa, amma ba mai niyyar ɗaga shi sai ya mutu murus. Gwaggo Zibins tana zaune a kan kujera tana ba da umarni, tana soya burodi, tana faɗa wa duk wanda ya zo kusa cewa addu'arta ce ta yi aiki, ba doguwar ta wani ba.

Wabigwan ce ke juya kasko na tsakiya. Hayaƙi yana shiga idonta, ta bar shi ya ɗauki laifin hawayen. Irin shekara guda ne take kashewa da hannunta, amma kafaɗunta sun yi sauƙi yadda ba su yi ba tun bazara. Can gefe Giniw ya jefa wa Makons wani tsohon takalmi, ya same shi a ƙeya, Makons ya ɗauka ya sa.

Ana cikin haka karnuka suka tashi da haushi. Wata tsohuwar mota ta gangaro ta hanyar daji, kwalekwale ɗaure a kanta, laka har gilashi. Ta tsaya, wata doguwar mata ta fito, ba wanda ya san fuskarta. Siket ɗinta a jiƙe yake har gwiwa, a hannunta damin karan shinkafa.

"Sannunku da aiki. Ina mai kula da shinkafar nan?"

Tsoho Animiki ya ɗaga hannu daga inda yake zaune.

"Daga tabkin sama nake, wanda koginsa ke zubo muku." Ta zo har gaban wuta, ta ɗaga damin. "Bara wani mai kirki ya kawo mana kyautar iri, muka shuka. Ga abin da ya fito."

Ta karɓi sandar bugu daga hannun matar Giniw, ta lanƙwasa damin a kan faifai, ta buga. Ta sake bugawa da ƙarfi. Zangarkun cike suke, nunannu, baƙaƙe, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba.

Filafilin ya tsaya a hannun Wabigwan.

"Rabin lungunmu na gabas haka yake," in ji baƙuwar. "Shekaranjiya kuma ruwan sama ya fasa bakin kogi, ya tumɓuke shi da saiwa. Na biyo shi tun safe. Yanzu haka yana ƙarƙashin gada, yana tahowa tabkinku."